Mota na jijjiga a sulo? Ga yadda zaka gane ko bawul ɗin EGR ne, da yadda ake canza shi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu mota, direbobi da yaran gareji. Yau inaso muyi magana akan bawul ɗin EGR, saboda abu biyu nake yawan gani anan Kaduna kuma duka biyun suna min ciwo. Ko dai mota ta fara jijjiga a ce wa mai ita Alhaji jeka Ori-Apata ka siyo EGR, yaje ya kashe kuɗinsa a ɗaura kuma matsala na nan inda take, ko kuma a yanko gwangwanin madara a toshe bakin bawul ɗin a ce masa ai wannan kayan Turawa ne bashi da amfani a ƙasarmu. A yanda ake siyan fetur tun da aka cire tallafi a 2023 babu wanda yake da kuɗin gwaji a jikin mota, gara a bincika tukuna a tabbatar kafin a taɓa aljihu, kuma binciken nan ba wani abu bane mai wuya.

Aikinsa shine ya ɗebo kaɗan daga hayaƙin da ya nufi salansa ya maido shi cikin manifol, wato hanyar da iska ke bi ta shiga injin, ya gauraya da iskar da injin zai sha. Hayaƙin nan ya riga ya ƙone, bazai sake ci ba, toh sai ya tare wuri a cikin silinda ya sirka zafin wutar kaman yanda ake sirka ruwan wanka. Dalili kuwa, in zafin cikin silinda ya haura wajen digiri 1,370 a ma'aunin Celsius iskar naitirojin da oksijin suna haɗewa su zama wata guba da ake kira NOx, mai cin huhu, mai tayar wa masu asma ciwonsu. Tun farkon shekarun 1970 aka fara saka shi a motocin Amurka saboda wannan. A injin fetur abinda yake maidowa bai cika wuce kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ba, na dizal yafi haka sosai shiyasa nasu yafi saurin toshewa. Abinda nakeso ka riƙe shine lokacin da yake buɗewa a injin fetur: in injin da sanyi a rufe yake, in mota na sulo a rufe yake, in ka take totur har ƙasa a rufe yake, baya buɗewa sai injin yayi zafi kana tafiya miƙe kaman a kan baifas ko hanyar Zariya. In ka gane wannan duk alamomin zasu zo maka da sauƙi.

Amma kafin komai ka tabbatar motarka tana ma da shi. Ba wasa nake ba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ bata da bawul ɗin EGR, haka Camry Big Daddy mai injin 2.4 wato 2AZ, waɗannan VVT-i ke musu wannan aikin ta hanyar lokacin buɗewa da rufewar bawul na cikin injin. Duk wanda yace maka EGR ɗin Corollarka 2005 ne ya lalace ka tambaye shi ya nuna maka da yatsa. Waɗanda suke da shi kuma suka cika garin nan akwai Camry fensir mai injin 2.2, Honda Accord Baby Boy da EOD musamman V6, Peugeot 406 mai injin EW10, Hilux na dizal, da motocin Volkswagen masu TDI. Zaka ganshi kusa da manifol, akwai wani bututun ƙarfe ko rami da ya taho masa daga ɓangaren salansa. Na tsofaffin motoci kansa zagayayye ne kaman faifai da siririn tiyo a sama, wannan da zuƙar iska yake aiki wato bakyum. Na baya-bayan nan soket ɗin waya ne a kansa, birenbos wato kwamfutar mota ke bashi umarni kai tsaye.

Lalacewarsa iri biyu ce kuma alamominsu basu kama da juna ko kaɗan. In ya maƙale a buɗe, hayaƙi na shiga lokacin da bai kamata ba, sai kaga mota na rawa a sulo, sitiyari na karkarwa, ka tsaya a danja ko ka shiga holdof ɗin Kasuwa ta mutu, da safe tayi wuyar tashi ko ta tashi ta mutu sai ka riƙe mata totur, ga shan mai, amma da ka hau titi ka miƙe sai kaji kaman ba ita ba. In kuma ya maƙale a rufe ko hanyarsa ta toshe, sulo lafiya lau babu abinda zakaji, sai dai in kana hawa gada ko ka ɗauko kaya ga esi a kunne kaji wani ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga injin kaman ana kaɗa tsakuwa, sai wutar cek injin ta kama. Wannan na biyun shine mutane ke rainawa tunda mota na tafiya, alhali wannan ƙarar wuta ce ke tashi ba a kan lokaci ba tana dukan kan fistin, in aka daɗe a haka injin ne ke biya.

Toh amma dan Allah kar jijjiga kawai tasa ka yanke hukunci. Filogi da ya mutu, kwayil, nozul mai datti, totur da ya cika da baƙi, tiyon iska da ya tsage, sensar iyaflo mai auna iskar da ke shiga injin, duk suna kawo jijjiga iri ɗaya. Shiyasa matakin farko a jona sikana. Kusan duk tokunbo da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wurin jonawa a ƙarƙashin sitiyari, kuma yanzu akwai ƙaramar sikana da ake haɗawa da waya, ko kaje wajen masu kwamfuta su duba maka. Lambobin EGR daga P0400 suke farawa. P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa yayi kaɗan, P0402 yayi yawa, P0403 matsala a layin wutar da ke sarrafa shi, P0404 bawul baya zuwa inda aka ce yaje, P0405 da P0406 kuma sensar da ke gaya wa birenbos inda bawul yake ce take bada lissafi ƙasa ko sama. Ka lura babu lamba ko ɗaya da tace siyo sabo. Lambar tana gaya maka inda zaka fara dubawa ne kawai, kuma P0401 da tafi yawa a garejinmu mafi akasari toshewar hanya ce ko tiyo ko solenoyid, wato ɗan makunnin lantarki da ke sakar masa zuƙar iska, bawul ɗin kansa lafiyarsa ƙalau.

Bari mu fara da mai tiyo tunda shine zaka iya gwadawa a ƙofar gida. Ka tada mota ka bari tayi zafi sosai, ka ja hanbirek, giya a fakin ko firi. Ka fara bin siraran tiyoyin nan da ido da hannu, zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu yana busar da roba ta tsattsage, wani lokacin ma wanda yayi maka wani aiki ne ya cire ya manta bai mayar ba ko ya juya su. Sannan ka zare tiyon da ke kan bawul ɗin mota na sulo ka ɗora yatsa a bakinsa, in motar fetur ce bai kamata kaji yana zuƙa ba. In yana zuƙa a sulo toh ba bawul bane mai laifi, solenoyid ɗin da ke sakar masa iska ne, wanda Toyota ke kira VSV. In baya zuƙa, ka sa wani ya ɗaga totur zuwa wajen 2,500 a agogon juyin injin kaji ko zuƙar zata zo, a motoci da yawa zata zo. Bayan nan sai babban gwajin: ka samu wani tiyo mai tsafta ka jona a kan bawul ɗin ka zuƙe iskar da ɗan famfon hannu da ake yi don haka, in babu ko babban sirinji zai yi. Motar fetur na sulo in bawul ya buɗe dole injin ya shaƙe, yayi kaman zai mutu ko ya mutu gaba ɗaya. In hakan ta faru bawul na aiki hanya kuma a buɗe take, sai ka koma kan solenoyid da tiyoyi. In kaga tsinken ciki ya ɗaga amma injin ko gezau, hanya ce ta toshe da kabon, sabon bawul bazai maka komai ba. In kuma ka zuƙa iska bata riƙewa tsinke baya motsi, robar ciki ta fashe, wannan kam sai canji. Ka kula da hannunka wajen nan akwai zafi sosai, da fanka da fambel.

Masu Camry fensir ku saurara da kyau. A wannan motar abu uku ne ke aiki tare, bawul ɗin, da wani ɗan zagayayyen abu kusa da shi da ake kira modileta mai ɗan soso a ciki, da VSV wanda aka ɓoye a bayan injin ƙarƙashin manifol sai an shiga ƙarƙashin mota ake kai masa. Saboda wahalar kai masa hannu sai a barshi a canza bawul da ke sama a fili, kwana kaɗan P0401 ta dawo. Kuma modiletar nan da matsin hayaƙin salansa take aiki, in an fasa maka salansa an kwashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, matsin ya ragu tana iya ƙin buɗe bawul yanda ya kamata. Haka in an cire maka tamostat an haɗa fanka dairek, wanda ya zama al'ada a garin nan, injin baya kai zafin da birenbos ke jira, yana ta zuba mai da yawa kaman har yanzu safiya ce, kabon na taruwa. Ni a ganina cire tamostat na cikin abubuwan da suka fi cutar da motocinmu kuma mai mota baya ganin illar sai a gidan mai.

Mai soket kuma sai da sikana mai iya bada umarni, ba wacce ke karanta lamba kawai ba. Mota na sulo a ce wa bawul ya buɗe kashi 10, 20, 30, ana kallon abu biyu, abinda aka umarta da inda ya tsaya a zahiri, sannan ana sauraren injin ko zai shaƙe. In lissafin na bin umarni amma injin bai canza ba, toshewa ce. In a sulo sikana na nuna a buɗe yake alhali umarni sifili ne, kabon ya tokare shi. In baya motsi sam, kafin ka ce ya mutu ka cire soket ka duba ko ruwa ya shiga yayi kore, masu wankin injin da ruwa mai ƙarfi suna jawo wannan sosai, ka duba fiyus, ka sa mita ka ga ko wutar 12V na zuwa da kuma 5V na sensa. Dan Allah kar ka bari rewaya ya ɗauko waya daga batir yana cusawa a ramukan soket yana neman inda zai yi ƙyas, layin 5V in ya sha 12V sensa ta tafi, wani lokacin har birenbos, kaga an tashi daga ƙaramin aiki an koma babba.

Yanzu cirewa. Ka bari injin ya huce gaba ɗaya, da safe kafin a tada mota yafi. Ka cire kan batir na nagetif, amma masu Honda ku tabbata kuna da lambar rediyo don wasu suna kullewa in an cire batir. Ka ɗau hoto da wayarka kafin ka zare komai, musamman tiyoyi, wannan hoton zai cece ka. Ka fesa WD-40 a notinan ka bashi lokaci ya shiga, notinan nan sun sha wuta shekara da shekaru sun yi tsatsa, in ka sa ƙarfi lokaci ɗaya zai karye a ciki sai an kai ga masu walda a Panteka. Galibi noti biyu ne ko uku, bos sifana 10 ko 12 ko 13, ka ɗan ɗaure kaɗan sannan ka kwance a hankali kana kai da komowa. In akwai bututun ƙarfe da ya shigo ta ƙasa ka fara sassauta shi kar ka lanƙwasa. Da ya fita ka cusa tsumma a ramin manifol kar wani abu ya faɗa.

Ka juya shi ka duba. Sau da yawa zaka ga kunkunniya ta daskare a bakin tsinken har baya zama daidai. Ka riƙe shi kan na sama bakin na ƙasa, ka fesa kabkilina wato maganin wanke kafireto a ɓangaren ƙarfen kawai, ka goge da tsohon buroshin haƙori ko ƙaramin buroshin waya, kar maganin ya gangara cikin robar ko cikin ɓangaren lantarkin, kuma kar a tsoma shi gaba ɗaya a robar fetur kaman yanda yara ke yi da kafireto. In ya fita ka danna tsinken kaji yana tafiya sumul yana dawowa da kansa, sannan ka kifa shi ka zuba ɗan kabkilina a bakin ka gani ko zai zurare ta ɗaya ramin, in ya tsaya toh yana rufewa da kyau. Sai hanya, wadda ita ce ainihin aikin kuma ita ake tsallakewa. Ka samu tsohuwar wayar kuloci ko ta burkin mashin, ka warware bakinta kaɗan, ka dinga turawa cikin ramin kana murzawa kana fesa magani har kaji ta wuce. A Honda V6 ramin da ke toshewa yana cikin manifol na sama, dole a ɗaga shi a ajiye a ƙasa a fasa kabon ɗin a wanke, in aka sosa shi a jikin mota duk dattin cikin injin zai zuba. Na dizal kuwa kabon ne haɗe da tururin baƙin mai ya zama kaman kwalta, wani manifol ɗin zaka ga ramin ya rage saura kaɗan, wannan aikin yini ne kar wanda ya ce maka minti goma.

In wanki bai yi ba, roba ta fashe ko lantarkin ya mutu ko tsinke ya ci yana girgiɗi, sai a siyo. Ka tafi da tsohon a hannunka, ka duba lambar da ke jikinsa, ka ƙirga ramukan soket, don mota ɗaya shekara ɗaya ta Amurka da ta Turai suna iya bambanta. Tsakanin Baljiyam na asali da sabo mai arha marar suna ni na fi natsuwa da Baljiyam in an gwada shi, amma ka sani shima daga wata tsohuwar mota aka ciro shi da nasa kabon ɗin, a wanke shi kafin a ɗaura, kuma ku yi magana da mai shago a gaban shaida cewa in bai yi ba zaka dawo da shi. Ka haɗo da sabon gasket. Kar a yanka kwali, kar a shafa gam, wurin nan hayaƙi ne mai zafi zai cinye su ya fara hurawa, gasket ɗinsa na ƙarfe ne ko na wani abu mai jure wuta.

Wajen ɗaurawa ka kankare tsohon gasket daga fuskar manifol har tayi sumul ba tare da ka ƙwarzane ta ba, ka tuna ka ciro tsumman nan, ka ɗora gasket yanda ramukansa suka dace, ka fara ɗaura notinan da hannu dukkansu kafin sifana ta taɓa, sannan ka ɗaure wannan kaɗan wancan kaɗan har su zauna tare. Manifol da yawa alminiyam ne, ƙarfi kaɗan yake so, in ka hau kai da dogon bututu zaren zai tafi. Ka mayar da soket har kaji ƙas, tiyoyi kuma ka bi hoton da ka ɗauka. Masu dizal da wasu motocin zamani irin Prius akwai kula ta EGR, wato abin sanyaya hayaƙin, da ruwan lagireto ke bi ta ciki, in ka cire tiyon ruwa sai ka cika ka fitar da iska, kuma in motarka na shan ruwa babu inda yake zuba ga farin hayaƙi a salansa a duba kular nan kafin a ce tof gasket ne a sauke maka kan injin.

Maganar toshewa da gwangwani, wuri ɗaya na yarda da ita, gwaji. In kana zargin ya maƙale a buɗe ka sa farantin ka tada mota, in jijjiga ta ɗauke ka samu mai laifi, sai ka cire farantin ka gyara. Amma barinsa a haka a injin fetur, birenbos na lissafin wuta ne da zaton hayaƙin nan na shigowa, babu shi sai ƙas-ƙas ɗin nan ya fara musamman da irin man 'yan bumburutu, wutar cek injin kuma ta zauna a kunne har ka saba da ita, ranar da wata babbar matsala tazo bazaka sani ba. Ga gubar da kake zuba wa na bayanka, mai Keke da ɗan acaɓa da yara masu talla a bakin titi, a garin da hazon hunturu ya riga ya cika wa mutane ƙirji.

Bayan ka gama ka mayar da batir, a goge lambar da sikana. Wasu motocin kaman Volkswagen da Peugeot na baya-bayan nan suna son a sa sikana a koya wa birenbos sabon bawul ɗin, in ba haka ba wuta zata dawo. Ka tada mota ka barta tayi zafi har fanka ta tashi, ka barta a sulo na wasu mintuna babu esi babu fitila don ta daidaita kanta, kana saurare ko akwai hucin hayaƙi ta gefen gasket. Sannan ka fita da ita inda zata miƙe, daga Kawo ka nufi Mararraban Jos ka dawo ya isa, ka riƙe gudu ɗaya na ɗan lokaci sannan ka saki totur ta gangara da kanta, a irin wannan yanayin ne motoci da yawa ke gwada EGR ɗinsu. Lambar P0401 sau da yawa sai an yi tafiya biyu kafin ta sake kunna wuta, saboda haka kar ka sallami maganar a ranar, ka bata kwana biyu uku kana hawa sannan a sake jona sikana a duba har da lambobin da ke jiran fitowa. In ta dawo kuma ka tabbata bawul na buɗewa, a koma kan ramin manifol da solenoyid, masu Ford kuma a duba sensar DPFE mai auna matsin hayaƙin EGR da siraran tiyoyinta guda biyu.